Sukuru Huɗu a Kwalin Ashana

Duk layin masu gyara da ke bayan tashar Kawo an san Nazifi da abu biyu: rashin magana da gwangwanin sukuru. Gwangwanin na madarar gari ne, tsoho, har rubutun jikinsa ya goge. Duk kwamfutar da ta mutu murus a hannunsa, sai ya kwance mata kusoshinta kaf ya zuba ciki kafin ya tura gawarta ƙarƙashin tebur. Shi ya sa duk mai gyaran da ya nemi sukuru ya rasa, wajensa yake nufa. Ba a sayarwa, ba a kuma hanawa. Haka al'adar layin take, yau gare ka gobe ga ɗan'uwanka.

Yana da wata ɗabi'a kuma da aka yi masa dariya a kanta har aka gaji. Duk sukurun da zai ɗaura sai ya ɗiga masa janfarce ja, irin na mata, don in ya bushe ya riƙe shi kada ya warware. In ka buɗe kwamfuta ka ga ja-ja a kusoshinta, ba sai ka tambaya ba, ta bi ta hannun Nazifi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne kwalin ashanar da ke aljihun gaban rigarsa, daidai inda zuciyarsa ke bugawa. Babu ashana ko tsinke ɗaya a ciki. Sukuru ne guda huɗu, gajeru masu faɗin kai, kuma dukkansu na Kaltume ne.

Wata biyar ke nan da ta fara zuwa. Ta ajiye laftof ɗinta a kan teburinsa, mai hoton fure rawaya manne a murfi, ta ce, "Malam, kwamfutata ta koyi gyangyaɗi. Da na buɗe ta sai ta kwanta ta baya, sai na tokare ta da littattafai."

Ɗalibar jami'a ce a shekarar ƙarshe, mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne, gidansu na Kurmin Mashi. Duk wannan ita ta faɗa da bakinta tana zaune kan benci, tana hira da Baba Lawan, tsohon mai gyaran agogo da teburinsa ke jikin na Nazifi. Shi kuwa ko sunanta kasa tambaya ya yi, sai a bakin Baba ya tsinta.

Hinjin ne ya saki, wato ƙarfen nan da ke haɗa murfin kwamfuta da gangar jikinta. Sukuru takwas ke riƙe shi, biyu sun warware sun ɓace tuni. Ya zazzage gwangwani ya yi ta tona har ya samo irinsu guda biyu, su ke nan ma suka rage masa. Ya ɗiga wa duka takwas ɗin janfarce, ya ɗaure tamau. Aiki ya yi kyau. Kyan aikin ne ma ya ba shi tsoro, don hinjin da aka ɗaure haka sai ya shekara uku bai motsa ba. Shekara uku! Ya ɗaga kai ya dube ta. Baba Lawan ya faɗi wani abu, tana dariya, ta sa hannu mai jan lalle ta rufe baki, idanunta kaɗai ke dariyar a fili. Kafin ya san abin da yake yi, ya mayar da sukudireba ya zare sukuru ɗaya, ya jefa a kwalin ashanar da ke gefensa, ya rufe kwamfutar.

Bayan wata biyu ta dawo. Ya ɗaure abin da ya saki, ya ƙi karɓar komai a hannunta, ya zare na biyu. Ta dawo bayan mako shida. Ya zare na uku, ta dawo bayan mako uku. Kowane zuwa sai ya rubuta kwanan watan da biro a bayan kwalin. Yakan ce wa kansa wannan karon zai yi mata magana ya mayar mata da kayanta, amma da ta zauna kan bencin nan, turarenta ya rufe warin dalma da ƙurar shagon, sai harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Abin da yake iya furtawa kawai, "An gama," da "Allah ya kiyaye hanya."

Da ya zare na huɗu, lissafinsa ya ba shi kwana goma. Kwana goma suka wuce. Mako uku. Wata guda cur, babu Kaltume babu labarinta.

Ranar wata Talata bayan azahar, ruwa ya ɗauke ke nan, kwatoci na ta ambaliya, Baba Lawan ya cire gilashin ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, ya ce, "Kai, Nazifi. Waccan ba mai furen nan taka ba ce?"

Ita ce. Ta sauko daga keke, ta rungume laftof a ƙirji, tana tsallake ruwa. Nazifi ya miƙe, ya kaɗe benci da hannun riga. Sai ya ga ta sunkuyar da kai, ta ja hijabi gaba, ta tsallaka ɗaya gefen layi, ta tura ƙofar gilashin shagon Jamaluddeen ta shige.

Jamaluddeen! Wata uku da buɗe shagonsa daura da na Nazifi, da ƙofar gilashi da na'urar sanyi da sunansa rubuce da fitila mai walƙiya. Mutum ne fari, dogo, mai gyararren saje, wanda ko kwamfuta zai buɗe sai ya naɗe hannun riga a hankali kamar likita. Duk wanda ya gani "Oga" yake ce masa, kuma in ya faɗa sai ka rasa girmama ka ya yi ko raina ka.

Nazifi ya koma ya zauna. Abin haushin gilashi shi ne ba ya ɓoye komai, sai dai ya hana ka ji. Ya ga an jawo mata kujera mai laushi. Ya ga an buɗe firji an miƙa mata lemo, ta karɓa da hannu biyu. Ya ga Jamaluddeen ya ɗauki laftof ɗin, ya shafa furen nan da yatsa, furen da shi Nazifi bai taɓa bari ko ƙarfe ya goga ba. Sai ga hannun lallen ya tashi ya rufe baki. Dariyar nan! Ashe ba tasa ba ce, ashe duk inda aka ba ta kujera tana iya yin ta.

Wani abu ya taso masa daga ciki, mai ɗaci kamar ya tauna maɗaci. Wata biyar yana tattalin abu ɗaya, sukuru bayan sukuru, wani ya zo da sanyin shago da lemon kwalba ya ɗauke a yini ɗaya. Me suke cewa? Shi suke wa dariya? Ya ɗauko wata kwamfuta da aka kawo tun safe ya fara kwancewa, ya kwance abin da ba shi ne ya lalace ba, ya mayar, ya sake kwancewa.

"In ka ci gaba da kallon gilashin can haka, fashewa zai yi," in ji Baba Lawan. "Kuma kai za a kama."

"Ni ba kallonsu nake ba, Baba."

"Ai na sani. Rana kake dubawa, ko la'asar ta yi."

Wajen awa guda ana haka, sai ƙofar gilashin ta buɗe. Jamaluddeen ya fito yana ɗaga ƙafar wando kada ruwa ya taɓa, ya nufo su, hannu ɗaya a dunƙule.

"Salamu alaikum. Baba, barka da aiki. Oga Nazifi, barka da hutawa."

Nazifi ya amsa sallamar kawai.

"Sukuru nake nema, Oga. Na hinji, gajeru masu faɗin kai, guda huɗu." Ya buɗe tafin hannunsa, ga sukuru ɗaya da busasshen ja a jikinsa. "Ai aikinka ne ma, ga janfarcenka nan. Sai dai ban san yadda aka yi rabinsu suka gudu ba. Huɗu kacal ke ɗauke da murfin gaba ɗaya, nauyi ya yi musu yawa har robar gindinsu ta tsage. Na dai like ta da gam, ta kama. Saura kusoshi. Ka taimaka da sauri, Kaltu ta ce gobe da safe za ta gabatar da aikin bincikenta gaban malamai, kuma komai nata na ciki."

Kaltu. Nazifi ya ji sunan ya sauka a kunnensa kamar ɗigon dalma mai zafi. Shi da ko "Kaltume" bai taɓa iya faɗa a gabanta ba, a zuci yake kiranta, wani har ya gutsure sunan ya sa a baki kamar alewa. Ya ji kwalin ashanar ya yi masa nauyi a ƙirji. Wato shi zai ba da kusoshin da hannunsa, wancan ya ɗaura, a ce masa sannu da aiki, a sake rufe baki da lalle?

Ya tura gwangwanin gaba da bayan hannu. "Ga shi nan. Duba."

Ya san babu. Jamaluddeen ya zazzage a kan tebur, ya yi ta baza su da yatsa yana tsaki, can ya ware huɗu masu faɗin kai, ya ɗaga ɗaya ya kanne ido. "Waɗannan za su yi."

Ba za su yi ba. Nazifi ya gani tun kafin a ɗaga su. Sun fi na asali tsawo da kamar ƙwayar gero ɗaya, kuma bayan wannan ƙwayar gero babu komai sai bayan gilashin allon kwamfutar. Za a murza, a murza, a zagayen ƙarshe a ji ƙas, baƙi ya malale allon kamar an kifar da tawada.

Bai ce komai ba. Jamaluddeen ya yi godiya ya juya.

Allah ya sani, daɗi ya ji. Wani irin daɗi mai guba ya ratsa shi har yatsu. Bari ya fasa! Bari ta ga ƙarshen sanyin shago da gyararren saje. Ya hango ta ta fito da gudu, ta tsallako layin ba ta ko duba ruwa, ta tsaya gaban teburinsa tana cewa Malam Nazifi ka taimake ni. Ya hango Jamaluddeen tsaye a ƙofa kamar kazar da ruwa ya daka.

Baba Lawan ya mayar da gilashinsa ido, ya duƙa kan agogo. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Na ga tsawon abin da yaron nan ya ɗauka."

"Ni ma na gani."

"To, madalla." Ya ci gaba da tonon agogon. "Shekara arba'in ina wannan aiki. Duk ranar da na ɓata agogo, ni dai kunya na ji na ci tuwona. Mai agogon ne ya makara."

Sai hoton da ke kan Nazifi ya juya. Ya sake ganin ta tsaye gaban teburinsa, amma wannan karon ya dubi fuskarta sosai. Ya san irin allon, ba a samun sa a Kaduna yau ko gobe, sai an aika Kano ko Legas. Ya gan ta gobe da safe gaban malamai, da baƙin allo a hannu, shekara huɗu na karatu a bayansa ba mai iya gani. Kuma tsagewar robar ma, wa ya jawo ta?

Bai san lokacin da ya tsallake kwata ba. Ruwa ya fallatsa masa har gwiwa. Ya banka ƙofar gilashin, sanyi ya buge shi.

"Dakata!"

Jamaluddeen ya riga ya ɗora sukurun farko, ya yi masa murza biyu. Kaltume ta miƙe tsaye, kwalbar lemo a hannu.

"Sun yi tsawo," in ji Nazifi yana haki. "Za su huda allon. Cire."

"Oga, to da ka faɗa tun can mana. Yanzu da me zan ɗaure, da addu'a?"

Nazifi ya sa hannu a aljihu. Ya ja kwalin ya buɗe, ya kifa shi a kan farin teburin Jamaluddeen. Sukuru huɗu suka gangaro, gajeru, masu faɗin kai, kowanne da busasshen ja da ya tsattsage a jikinsa, alamar an taɓa ɗaura shi an kwance.

Jamaluddeen ya ɗauki ɗaya, ya jera shi da na jikin kwamfutar. Ya dubi sukurun, ya dubi Nazifi, ya saki wani siririn fito. "Ikon Allah. Ashe ba guduwa suka yi ba."

Kaltume ta ajiye kwalbar. Ta ɗauki kwalin ashanar da ya faɗi gefe, ta juya bayansa. Ta daɗe tana duban rubutun biron nan guda huɗu. Nazifi ya ga leɓenta na motsi, tana karanta ranakun, ya ga lokacin da ta gane su.

"Malam Nazifi." Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi masa sauƙi. "Sau uku Abba na ce min in sake mai gyara. Yaya Mustapha ya ce kai ɗan koyo ne. Ni na tsaya na ce a'a, kwamfutar ce ta tsufa. Na san ba tsufa ba ne. Na ɗauka hannunka ne bai gama faɗawa ba, na ce ba komai, zan rufa maka asiri, in yi ta kawowa har ka iya. Wata guda ina tokare ta da littattafai don kada a gida a ga ta sake sakewa. Jiya ta tsage a hannun Yaya, ya rantse sai dai in kawo wa abokinsa. Ka ga yadda na wuce ta gaban shagonka ina ɓoye fuska? Kunyarka nake ji. Wai kada ranka ya ɓaci!"

Da ƙasa za ta tsage da Nazifi ya gode mata. Amma a cikin kunyar, can ƙasa, wani abu ya motsa: ashe tana kare shi. Ashe ba hinji kaɗai ke kawo ta ba.

"Ban san wata hanyar da zan sake ganinki ba," ya ce. Ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mata.

Jamaluddeen ya kwashe da dariya har da dafa tebur. "Haba Oga! Akwai waya a duniya fa. Lamba goma sha ɗaya ce kawai."

"Matsa," in ji Nazifi.

Abin mamaki, ya matsa. Nazifi ya zauna kan kujerar kishiyar sana'arsa, ya ciro 'yar kwalbar janfarce daga aljihun wando. Ya zare dogon sukurun nan ya ajiye gefe. Ya duba gam ɗin, ya danna da farce, ya ga ya kama sosai, ya ji haushin cewa aikin ya yi kyau. Ya kankare tsohon jan, ya ɗiga sabo, ya mayar da kowane sukuru gidansa, ɗaya bayan ɗaya, daga na huɗu har na farko. Kowanne ya ɗaura sai ya ji kamar wata ziyara ce yake mayarwa. Ya bi sauran huɗun ya ƙara musu ƙarfi, ya rufe, ya tura mata.

Ta buɗe murfin. Ya tsaya cak inda ta bar shi. Ta tura shi baya, ya tsaya. Ta kunna, allo ya kawo haske lafiya lau.

"Wannan zai kai yaushe?"

"Shekara uku. Ko fiye."

"To ka ga ba ni da abin da zai sake kawo ni Kawo ke nan."

Ta sa kwamfutar a jaka. Kwalin ashanar ma, da ya miƙa hannu zai ɗauka, ta riga shi, ta jefa a jakar ta ja zif. Ta yi wa Jamaluddeen godiya, ta kira shi Yaya Jamal, Nazifi ya ji wannan ma. Sai da ta kama ƙofa sannan ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Mu a gidanmu, mai son ganin mutum ba kusa yake sacewa ba. Zuwa yake ya yi sallama a ƙofa, a shimfiɗa masa tabarma."

Zuciyarsa ta yi tsalle har ya ji a haƙoransa. "Ban san gidan ba."

"Yaya Jamal ya sani. Kusan kullum yana can."

Ƙofar ta rufe a bayanta. Jamaluddeen ya jingina da tebur, ya harɗe hannuwa, yana shafa saje da babban yatsa, murmushin nan nasa da ba a gane gabansa ya cika masa fuska.

"In kwatanta maka, Oga?"

"Bar shi."

"Wallahi ba wuya. In ka shiga ta wajen..."

"Na ce bar shi."

Ranar Juma'a bayan la'asar, Baba Lawan ya ga Nazifi na jan ƙofar shago, sanye da farar shadda da hula, ƙamshin turare na tashi har ya rufe warin dalma.

"Ango, ina aka nufa?"

"Baba, Kurmin Mashi gida nawa ne?"

Tsohon ya cire gilashinsa ya dube shi da ido biyu. "Sun fi kusoshin gwangwaninka yawa. Me ya hana ka tambayi maƙwabcinka?"

"Gara in bi su ƙofa-ƙofa. A gwangwanin ma ai da tono nake samun wanda nake nema."

Ya danna kwaɗo, ya juya. Sai idonsa ya faɗa kan shagon gilashi. A kulle yake, fitilar sunan a kashe, babur ɗin Jamaluddeen ba ya inda ya saba ajiye shi, alhali ba ya tashi sai an kira magariba. Ɗacin nan ya sake taso masa, sabo fil, kamar bai taɓa tafiya ba.

Nazifi ya tattare ƙasan shaddarsa, ya manta da kwata da ruwan da ke cikinta, ya nufi bakin titi da sauri yana ɗaga wa mai keke hannu.